Talatu Ta Tsufa

A wannan wata muna neman afuwa, domin maganar kyanwa muka zo da ita. Mun san wani zai ce, duk matsalolin da suka dabaibaye zango, ga tsadar abinci ga rashin aikin samari, ba a ga abin rubutawa ba sai mage? To, a daure a karanta tukuna. Wannan kyanwa ta kusa raba kan gidanmu gida biyu, kuma har yanzu da muke wannan rubutu maganar ba ta mutu ba.

Sunanta Talatu. Albarkacin ƙwallo ne ya sa muka san shekarunta daidai, don babu wanda ya rubuta. Ranar Talata 22 ga Janairun 2008, wato ranar da Masar ta lallasa Kamaru da ci 4 da 2 a filin wasa na Baba Yara da ke nan Kumasi lokacin gasar cin kofin Afirka, ɗanmu na fari yana dawowa daga kallo a gidan maƙwabta sai ya tsinto ta a bakin kwata. Girmanta duka bai wuce tafin hannu ba, ga hunturu ana yi, sai rawar ɗari take. Uwargida ta ce maza a mayar da ita inda aka ɗauko. Tsohuwarmu kuwa, wadda duk gidan ke kira Mma, ta ce a bar ta, gidan da ake ajiye gero ba ya ƙin kyanwa. Maganar Mma aka bi. Yaron da ya tsinto ta yau yana da 'ya'ya biyu, ita kuwa Talatu ta haura shekara 17 tana nan.

Gaskiya ɗaya ce, aiki muka ɗauke ta. Uwargida koko da ƙosai take sayarwa, saboda haka sitonmu ba ya rabuwa da buhun gero da na wake. Kafin zuwan Talatu, duk buhun da aka ɗaga sai an tarar da huda a gindinsa, ga kashin ɓera ya cakuɗe da hatsi, sai an zauna an yi ta tsinta. Ba ta cika shekara a gidan ba wannan ya zama labari. Ɓera, ƙadangare, kyankyaso, har gafiya ta taɓa jawowa tsakar gida wadda ta kusa kai ta girma. Jaba kuwa takan kashe ta ajiye mana a bakin ƙofa, ba ta ci. A shekarar 2015, lokacin da ɗauke wutar nan da ake kira dumso ya yi tsanani, mukan kwana a tsakar gida saboda zafi, mu riƙa jin motsinta a kan kwano cikin duhu tana sintiri har asuba.

Duk tsawon wannan lokaci ba mu taɓa zama mun yi tunaninta ba, kamar dai yadda mutum ba ya zama ya yi tunanin turmi ko murhu. Ladanta kan kifi ne da sauran tuwo. In ta haihu a raba 'ya'yan a unguwa, in ta yi ɓarna a kore ta da tsintsiya, shi ke nan.

A nan ya kamata mu faɗi wani abu da sai daga baya muka lura da shi. A unguwanninmu kyanwa ba ta tsufa. In mota ba ta take ta ba, za ta ci ɓeran da ya ci guba ta bi shi, ko karnuka su yayyaga ta, ko kuma ta fita yawon dare ta faɗa hannun masu cin namanta, don kowa ya san akwai su a ƙasar nan. 'Ya'yan Talatu da muka rarraba, da jikokinta, babu ko ɗaya da muka san yana raye. Mun tambayi dattawan masallacinmu ko akwai wanda ya taɓa zama da kyanwar da ta wuce shekara goma, aka yi ta kallon juna. Kowa ya san yadda ake lallaɓa tsohuwar akuya ko tsohon doki, amma tsohuwar kyanwa baƙuwa ce a wurinmu. Shi ya sa da tsufan ya zo mata ba mu gane shi ba, muka ɗauka iskanci ne.

Abin ya faro ne wajen 2021. Da farko ta daina hawa katanga. Takan zo gindinta ta tsaya, ta ɗaga kai, ta yi kamar za ta yi tsalle, sai ta fasa ta juya. Muka ce ƙiba ce da lalaci. Daga nan tagar ɗakin Mma, inda ta saba shan hantsi, ita ma ta gagare ta. Gashin bayanta da a da yake sheƙi ya soma cukurkuɗewa, domin ta daina lanƙwasawa ta lashe shi. Sai shan ruwa. Ko'ina ka juya tana bakin bokiti ko tana lasar ruwan alwala a ƙasa, ga ci tana ci amma kullum ƙara ramewa take, har ana iya ƙirga ƙashin bayanta da yatsa.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne fitsari. Kyanwar da shekara goma sha uku ba ta taɓa ɓata ɗaki ba, wadda takan fita bayan gida ta tona ta binne, sai ga ta tana tsugunawa a kan tabarma. Wata rana da asuba muka tarar ta jiƙa gefen sallaya. Ba za mu ɓoye ba, ranar ta sha tsintsiya a hannunmu, kuma ba sau ɗaya aka yi haka ba. Ba ta gudu kamar yadda ta saba ba. Ta dai ja jiki ta shige ƙarƙashin gado, ta wuni a can.

Sannan kukan dare ya shigo. Wanda bai taɓa jin kukan tsohuwar kyanwa da ƙarfe biyun dare ba, ba zai gane ba. Ba irin kukan neman muzuru ba ne. Wani dogon kuka ne mai kauri, kamar na jariri, kamar kuma na babba, tana yi tana zagaya tsakar gida. Gidanmu kuwa gidan haya ne, ɗaki na jikin ɗaki. Ba a yi mako biyu ba magana ta soma yawo. Wata maƙwabciya ta ce wa uwargida a bakin famfo, kyanwar da ta ƙi mutuwa tana kuka irin na mutane a bincika, ba banza ba. Wata ta ce tun da aka soma kukan ɗanta ke zazzaɓi. Kun dai san yadda maganar maita take a cikinmu, ba a faɗinta da baki cikakke, amma sai ka ga an daina aiko yara ɗibar wuta a ɗakinka.

Ana cikin haka ɓeraye suka dawo. Uwargida ta ɗaga buhun gero ta ga huda, ta fito da shi tsakar gida ta ajiye a gabanmu ba ta ce komai ba. Talatu na kwance a ƙofar siton. A gaban idonmu wani ɗan ɓera ya fito ya bi ta gefen wutsiyarta ya wuce, ko kunne ba ta kaɗa ba. Yara suka fashe da dariya, suka ce Talatu ta koma kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi.

Da daddare aka zauna. Shawarar uwargida ita ce a yi abin da kowa ke yi, a sa ta a buhu a kai ta can wata kasuwa mai nisa wajen masu kifi a sake ta, Allah ya ci da ita, a samo ƙarama. Kada mai karatu ya ɗauka uwargida marar tausayi ce. Ita ke wanke tabarmar, ita ke shan baƙar magana a bakin famfo, kuma geron da ake ɓarnatarwa jarinta ne, da shi ake biyan kuɗin makarantar yara. Mu kanmu zuciyarmu ta karkata wajen maganarta. Har an aiki yaro ya nemo buhu.

Mma na zaune a kan 'yar kujerarta tana jan carbi, kamar ba ta ji. Ita ma ta haura tamanin, gwiwoyinta sun daina kai ta masallacin Juma'a, kuma sai an ɗaga murya take ji. Sai ta ce, "Malam, in ka kai ta ka dawo, ka ajiye buhun kada ka yar. Ni ma na daina daka, na daina tankaɗe, kuma ina tashinku da dare."

Uwargida ta ce, "Haba Mma, wace irin magana ce wannan? Ya za a haɗa mutum da dabba?"

Mma ta ce ita ba ta haɗa ba, ta dai faɗi abin da ta gani. Daga nan ba wanda ya sake ta da maganar buhu.

To amma barin ta a gida bai warware komai ba, kuma a nan ne muka kusa yin aika-aikar da ta fi ta buhun. Da muka lura tana ɗingishi, sai tausayi ya kama mu, muka ce bari a ba ta abin da muke sha in jiki na ciwo. Har an ɓare farasitamol an raba huɗu, an daka kashi ɗaya za a zuba mata a romon kifi, sai 'yarmu da ke karatun aikin jinya ta shigo. Ta ce, "Baba, don Allah a dakata, a tambayi masu abin tukuna." Muka ga kamar tana son nuna mana boko ne, amma muka bari. Washegari muka sa Talatu a kwali, muka huda shi, muka shiga mota zuwa wurin likitan dabbobi. Kunya kamar ta kashe mu a hanya, dattijo da furfura rungume da kwali yana kuka, kowa a motar na waiwaye.

Da muka ba likitan labarin ƙwayar, sai ya ajiye abin rubutunsa ya dube mu. Ya ce da mun ba ta, da wuya ta kwana biyu. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol kamar ta mutum, yana lalata mata jini har ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya sauya launi, fuska ta kumbura, ta mutu cikin wahala. Ko ɗan gutsure guba ne a wurinta. Muna roƙon duk mai kyanwa a gida ya riƙe wannan, ko da shi kaɗai ya ɗauka daga rubutun nan.

Sannan ya yi mana lissafin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. Ya ce a ƙiyasin da suke amfani da shi, shekarar farko ta kyanwa kamar shekara 15 ce ta mutum, in ta cika biyu ta kai kamar 24, daga nan kowace shekara a ƙara huɗu. In aka bi wannan, Talatu a yau tana wajen 84. Wato ita da Mma sa'o'in juna ne. 'Yarmu ta ce ai an yi wata kyanwa a jihar Texas ta Amurka mai suna Creme Puff da ta shekara 38, daga 1967 zuwa 2005. Uwargida da ta ji haka ta ce Allah ya kiyaye, a bar wa Amurkawa kayansu.

Duk abin da muka kira iskanci, likita ya ba shi suna. Rashin hawa katanga da ɗingishi, ciwon gaɓoɓi ne irin na tsofaffi, kuma ya ce kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, ba za ta yi raki ba, sai dai ka ga ta daina abin da ta saba. Yawan shan ruwa da fitsari da rama, ƙoda ce ta soma gajiya, ciwon da ya ce yana cikin waɗanda suka fi kama tsofaffin kyanwoyi. Ƙodar ba ta iya riƙe ruwa, fitsarin ya yi yawa, ga ƙafa na ciwo, ga bayan gida da nisa, ga dokin ƙofa mai tsawo. Ina za ta kai? Kukan dare kuwa, ya tafa hannu a bayan kanta ko motsi ba ta yi ba. Ta kurumce, ba ta jin ƙarar muryarta, kuma ya ce wasunsu kan rikice da dare kamar yadda wasu tsofaffin mutane ke yi, su farka su rasa inda suke. Ya buɗe bakinta ya nuna mana. Kyanwa babba haƙora 30 gare ta, na Talatu da yawa sun zube, sauran kuma dasashinsu ya yi ja. Ya kama ƙafarta ta gaba ya nuna mana wani farce da ya yi kauri ya lanƙwashe har ya soma shiga naman tafin, saboda ta daina kartar itace. Da wannan take takawa duk kwanakin da muke bin ta da tsintsiya.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A motar dawowa ba mu kula da masu waiwaye ba.

Likita bai yi mana alkawarin warkewa ba. Ya ce ƙodar da ta lalace ba ta dawowa, sai dai a rage mata nauyi. Akwai abincin gwangwani na musamman da ake shigowa da shi daga waje don irin wannan ciwo, muka tambayi kuɗinsa muka yi shiru, shi ma bai matsa ba. Abin da ya fi ƙarfinmu mun bar shi, wanda za mu iya muka kama.

Yanzu ga yadda zaman yake. An samo tsohon faranti mai faɗi marar zurfi an zuba yashi, an ajiye a lungu kusa da inda take kwana, ana sauyawa kullum. Tun ranar ba ta sake ɓata tabarma ba sai jefi-jefi, abin da ya nuna mana cewa da ma ba da gangan take yi ba. Ruwa a kwano uku, ɗaya a ɗaki, ɗaya a baranda, ɗaya a ƙofar sito. An daina ba ta kifin gishiri da romon miya, domin gishiri na wahalar da ita, albasa da tafarnuwa kuma suna lalata jinin kyanwa. Madarar da Mma ke tsiyaya mata a ɓoye ita ma an hana, saboda yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su, kuma wannan hani sai da aka kai ruwa rana da Mma kafin ta yarda. Ana dafa mata ɗanyen kifi ko 'yar kaza ba gishiri, a cire ƙaya, a farfasa da ruwa-ruwa, a ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar da ɗan ɗumi, don in ya yi sanyi ba ta jin ƙanshinsa sai ta kau da kai. Autarmu ta ɗauki aikin taje ta da tsohon buroshi, 'yar jinya kuma ke yanke mata farce. An jingina wani guntun katako daga ƙasa zuwa tagar Mma. Kwana uku tana kallonsa, a na huɗu muka tarar da ita a sama tana shan hantsi.

Wani abu da muka koya da kanmu shi ne, tun da ba ta ji, in aka taɓa ta tana barci sai ta firgita ta kai cizo da 'yan haƙoran da suka rage. Yanzu kowa ya san sai ya buga ƙafa a ƙasa kusa da ita tukuna, ta ji girgizar ta buɗe ido. Kukan dare kuma ya ragu ƙwarai tun da kwalinta ya koma ɗakin Mma aka bar ƙaramar fitila a kunne. In ta farka ta soma, Mma kan miƙa hannu ta dafa ta, sai ta yi shiru. Mma ta ce da ma ita ba barcin kirki take yi ba, sun samu abokan hira. Maƙwabciyar nan ma ta dawo aiko yara ɗibar wuta, ko da yake har yau in ta shigo takan ratse ta nesa da kwalin.

Ba za mu ce abin ba nauyi ba. Kuɗin kifinta a wata ya kai a sayi gawayin kwana da kwanaki, ga kuɗin mota da na likita duk bayan 'yan watanni. Geron kuma sai da muka sayi durom mai murfi da tarko biyu, domin mun gwada kawo 'yar ƙaramar kyanwa, Talatu ta daina cin abinci kwana biyu, dole aka mayar. Uwargida takan ce yanzu mu ke yi wa kyanwa aiki, har da kama mata ɓera. Tana da gaskiya. Amma mun sha kama ta da asuba, in ta hura wutar koko, tana jawo kwalin kusa da murhu kafin ta ɗora tukunya.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar. A zuwanmu na ƙarshe likita ya gaya mana cewa rana na zuwa da za ta daina ci gaba ɗaya, ta riƙa amai, ta kasa tashi. Ya ce in ta kai haka akwai allurar da ake yi wa dabba ta tafi cikin barci ba tare da wahala ba, kuma shawara tamu ce. Muka kai maganar wurin malaminmu bayan sallar magariba. Ya tuna mana matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Ya tuna mana cewa Abu Huraira ma laƙabinsa daga 'yar kyanwa ya samo shi, kuma a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an nuna kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Game da tambayarmu kuwa, ya ce akwai malaman Malikiyya da suka yi sauƙi a kan hutar da dabbar da aka fid da rai da ita tana shan azaba, akwai kuma waɗanda suka fi son a bar wa Allah ikonsa, a ci gaba da kula da ita har ta cika. Ya ce mu duba da kyau, kada mu kira gajiyarmu tausayi.

Gidan ya sake rabuwa, sai dai wannan karon layin ya sauya. 'Yar jinya na ganin in ranar ta zo a yi allurar, don ta ga yadda ciwon ƙoda ke ƙarewa a asibiti. Mma ta ce ba a ɗakinta ba. Uwargida, wadda ta fara kawo shawarar buhu, yanzu ita ce ke cewa kada wanda ya sake ta da zancen a gabanta. Mu kuwa da za a dubi fuskarmu a ce Malam yanke, har yau ba mu yanke ba.

Jiya da safe ta cinye kifinta tas, ta hau katakonta da kyar ta kwanta a taga har azahar. Hunturu ya kusa, uwargida ta ciro wani tsohon zane ta ninka huɗu ta shimfiɗa mata a kwalin.